Injin jirginmu ya buga a Yawuri: in sa wani ko in sayar da jirgin?

Ɗan Bakin Gulbi ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar jirgin ruwa, makanikai da kafintoci da masu fito.

Ni mutumin Yawuri ne. Muna da jirgin katako da mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya bari. Babba ne, irin mai ɗaukar buhunan albasa da shinkafa da kwandunan busasshen kifi, ranar kasuwa kuma a haɗa da fasinja. Da maɗaci aka yi shi tun ina sakandare, yanzu kuwa babbar 'yata ce ke sakandaren. Injin Yamaha Enduro ne mai doki 40, wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai. Shi ma ya kwana biyu, tun Baba na da rai an taɓa sauke shi an sa ringi.

Makon jiya ƙanena na dawowa da lodi sai ya ji kukan injin ya canza, ƙarfi ya ragu, kafin ya sassauta sai wata ƙara, injin ya mutu. Ya ja igiya, ko motsi ba ta yi ba. Da gora da filafili suka lallaɓa suka matso gaɓa har wani jirgi ya zo ya ja su. Alhamdu lillahi ba wanda ya yi ko ƙwarzane.

Makanike ya buɗe a gabana. Fistin na sama ya kama, ya bar karce a jikin silinda wanda farce ke maƙalewa a ciki. Boris ɗin karanshaf ya watse, na ga ɓarɓashin ƙarfe a tafin hannunsa. Ya ce zai gyaru amma ba zai yi mini alkawarin shekara nawa zai ƙara ba.

Na tambayi kuɗin sabo. Wallahi ko an haɗa jirgin da tsohon injin an sayar, ba su kai rabin abin da aka faɗa mini ba. Kafin 2023 dala ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500, kuma inji da dala ake shigo da shi. Ga fetur: tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 nan take, daga baya har ta taɓa 1,000. Kuɗin fito kuwa ba ya ninkuwa haka, don wanda za ka ɗauka shi ma manomi ne ko masunci, aljihunsa ka sani.

Akwai wani da ya ce zai kawo mini ɗan Kwatano daga Legas. Akwai kuma wanda ya taya jirgin yadda yake, ba inji, amma tayin nasa kunya ma nake ji in faɗa wa Inna.

Abin da ya sa ban yanke da kaina ba, jirgin ba nawa ba ne ni kaɗai. Gado ne da ba a raba ba. Akwai Inna, da ƙannena mata biyu, da ƙanena da ke tuƙi. Daga abin da jirgin ke kawowa ake cefanen gidan Baba. In na sayar, kuɗin zai zo sau ɗaya ya wuce, ƙanena kuma ya rasa sana'a. In na ci bashi na sa inji, jirgin ya ba ni kunya, na jefa mu duka cikin rami. Zuciyata ta fi karkata ga riƙe shi, ba zan ɓoye ba, amma ba na so son zuciya ya yanke mini hukunci. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya ce wani abu.

Makaniken Inji ya amsa:

Wa alaikumus salam. Allah Ya tsare gaba, ɗan'uwa.

Tambaya ɗaya ka yi wa ƙanen naka kafin komai: lokacin da kukan ya canza, injin na fitar da ɗan ruwan nan ta gefe ko ya daina? In ya daina, zafi ne ya kashe shi. A ƙafar injin akwai wata roba mai fukafukai da ke tura ruwa sama ya sanyaya silinda. Ruwanmu, musamman da damina in ya yi ja, yashi ne a ciki, yana cinye robar nan a hankali. Ko kuma leda ko ciyawa ta toshe ƙofar shan ruwan. Inji ya yi 'yan mintoci ba ruwa, fistin ya kumbura ya kama. In kuwa ruwa na fita har ya mutu, to ka duba mai: ko baƙin man ya yi kaɗan, ko jabu ne, ko kafireto ya toshe yana ba da mai kaɗan iska da yawa. Ƙa'idar irin naka kashi 50 na fetur, kashi 1 na baƙin mai, wato jarka mai lita 25 rabin lita take ci. Dole a gano wanne ne, in ba haka ba ko sabon inji ka ɗaura abin da ya kashe wancan zai kashe shi.

Maganar gyara. Enduro 40 silinda biyu ne, ba bawul, ba kwamfuta, shi ya sa muke son sa. In bulok bai tsage ba kuma karcen bai wuce abin da za a gyare a sa fistin mai ɗan girma ba, injin na da sauran rai. Amma gyaran gaskiya nake nufi: fistin biyu duka da ringinsu, karanshaf da sandunansa, boris, sil, gasket, robar ruwa, a wanke kafireto. Wanda ya ce maka zai canza fistin ɗaya ya rufe don ya rage maka kuɗi, zai dawo da kai bakin ruwa kana ja da gora. Kayan gyaran ma hawa-hawa ne, a kwali iri ɗaya za a ba ka na asali da na kwaikwayo. Ka tafi da makanikenka wurin saye, kada ka aika.

Sannan a kwance ƙusar giya ta ƙasa a ga man. In ya fito fari-fari, ruwa ya shiga, akwai wani kashe kuɗin a ƙafa. In kai da ƙafa duk sun lalace, a nan ne zan ce ka bar shi ya zama na cire kaya.

Ɗan Kwatanon da aka yi maka tayi, ban ce kada ka saya ba, amma kada ka biya kana Yawuri injin na Legas. Injin da ya yi aiki a ruwan gishiri, gishirin na cin hanyoyin ruwa daga ciki, ƙusoshi su kama, ranar da aka zo kwancewa su karye. Fenti sabo ba ya nuna wannan. Sharaɗinka: a kawo shi, a ɗaura a jirgi, a sa lodi, a yi tafiya mai nisa da shi har ya yi zafi. Tayar da shi a cikin duro ba gwaji ba ne. A auna matsin silinda biyun da agogo, kada bambancinsu ya wuce kashi 10 cikin 100. A duba tsawon ƙafa, akwai gajera ta inci 15 da doguwa ta inci 20, kowace da jirginta.

Za a ce maka ka koma irin wanda ba a gauraya masa mai don ya fi tsimi. Gaskiya ne yana tsimi, naka in an take shi har ƙarshe yana shan abin da ya kusa lita 20 a awa. Amma wancan ya fi tsada, ya fi nauyi, ba ya jure gurɓataccen fetur, kuma ka tambayi kanka wa zai gyara maka shi in ya tsaya a wani gungu.

In an gyara naka, awa 10 na farko a ninka baƙin mai, lita ɗaya a jarka, kuma kada a take shi.

Tsohon Matuƙi ya amsa:

Malam, ka sayar. Ni na yi fito tsakanin Zamare da Rofiya shekaru, na bari bayan tsadar mai, kuma ban yi nadama ba. Ka zauna da biro da takarda ka rubuta abin da jirgin ya kawo a watannin bayan nan, ka cire mai, ka cire ladan yara, ka cire kuɗin ƙungiya da na tasha, ka cire kwalta da ƙusa. Abin da ya rage shi ne zai biya bashin inji. Ka ga shekara nawa zai ɗauka. Kuma ka tuna ba kullum ake aiki ba: in ruwa ya ja baya, kututturan da tafkin Kainji ya shanye tun da aka datse kogin Neja a 1968 suna nan ƙasa suna jiran farfela, in hadari ya taso da yamma kuwa dole ka ɗaure. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ta hana tafiyar dare, ta ce kowa ya sa rigar kariya, rigunan ma kai za ka saya. Tunawa da mahaifi addu'a ce da sadaka, ba sai ka riƙe katako ba. Ka raba wa kowa haƙƙinsa, ƙanenka ya nemi babur ko ya yi tuƙi a jirgin wani.

Ɗan Bakin Gulbi ya amsa:

Na gode ƙwarai. Oga makanike, na tambaye shi, ya ce ruwan ya daina fita, kuma sun ratsa wurin da ciyawa ta taru kafin abin ya faru. Man giya mun duba ɗazu, baƙi ne wuluk, ba ruwa.

Yaya Tsohon Matuƙi, maganarka ta yi mini nauyi amma na ji ta. Lissafin na yi shi jiya da dare. Fasinja ba ya biyan bashin sabon inji, wannan na yarda. Lodi ne ke da ɗan abu, musamman lokacin albasa. Sai dai tuƙi a jirgin wani da ka ce, na san abin da ake ba yaran jirgi, ba zai riƙe gidan Baba ba.

Ɗan Kafinta ya rubuta:

Salamu alaikum. Na karanta wa mahaifina wannan zance, kafintan jirgi ne tun kafin a haife ni, ya ce in rubuta maka yadda ya faɗa:

Ɗana, duk kun taru kan inji, ba wanda yat tambayi jirgin. Inji ana kwance shi da hannu a ɗauka a kai wani jirgi, kuɗinka na nan cikinai. Katako in ya mutu ya mutu. Saboda haka kada ka kashe ko sisi ga inji sai ka hidda jirgin tudu.

Ku tara samari ku jawo shi bisa gaɓa, ku kwarhe ruwan, ku ɗebe allunan da aka shimfiɗa ƙasa, a wanke laka. A bar shi ya sha iska. Sannan ka ɗauki ƙusa babba ko sukudireba, da ƙaramar guduma, ka bi shi allo-allo. Katako mai rai in ka buga yana amsawa da ƙarhi, ƙusa kuma ba ta shiga. Wanda ya ruɓe ƙararsa a dushe take, ƙusa ta nutse cikinai kamar dahwaffen rogo. Kada ka tsaya inda ido ke gani. Abin da ke cikin ruwa kullum bai cika ruɓa da wuri ba, wanda ke sama a bushe shi ma haka. Inda ruwa ke taɓawa ya sake, ya jiƙe ya bushe, nan ɓarna take. Sai wurin da haƙarƙari ya haɗu da allon ƙasa, don nan laka ke kwana.

Ka dubi kan kowace ƙusa. In ka ga baƙi ya zagaye ta, tsatsa ta ci ƙusar, ramin ya buɗe. Jirgi na iya zama da katako mai kyau amma ƙusoshinsa sun ƙare, irin wannan shi ka buɗewa lokaci guda in igiyar ruwa ta buge shi da lodi.

Wurin da ya fi kowane shi ne allon baya da ake ɗaura inji. Shi ka ɗaukar nauyin inji da turinsa da girgizarsa. Ka sa mutum ya kama shi ya jijjiga da ƙarhi kana kallon kusurwoyi. In yana motsi daban da jikin jirgi, sabon inji zai fi tsohon saurin yage shi, don ya fi shi ƙarhi. Mun ga inda inji ya tahi ƙasan ruwa da allon gaba ɗaya.

In ƙasan jirgin da yawancin haƙarƙarin na da rai, ka riƙe shi. Maɗacin da munka yi aiki da shi a da, manyan itatuwa ne da sunka ƙosa, yanzu samun allo mai wannan faɗi sai an sha wuya, kuma da tsada. Sau da yawa tsohon jirgin da anka gyara ya fi sabon da anka yi da ɗanyen katako. Allon baya da allo biyu ko uku na gefe ba komai ba ne, aikin 'yan kwanaki ne. Amma in ruɓar ta bi ƙasa, ko ka ga za a canza abin da ya kai sulusin jirgin, kada ka bari wani ya lallashe ka da kwalta da tsumma. Kwalta na toshe yoyo, ba ta ƙara wa katako ƙarhi.

Ya kuma ce in tambaye ka: yaron da ke kwarfar ruwa, yana samun zama a tafiya, ko hannunsa ba ya hutawa?

Mai Busasshen Kifi ta rubuta:

Ƙanena, ni ba makanike ba ce, fasinja ce. Cikin irin jirginku nake zama da kwandunana, wani lokaci da goyo a baya. Abu biyu zan roƙe ka.

Kowa a ƙasar nan ya san abin da ya faru a watan Mayu na 2021, jirgin da ya taso daga jihar Neja zai zo Wara a ƙaramar hukumar Ngaski. Mutum sama da 100 aka rasa, da yawansu mata da yara. Ba mutuwar inji ce ta kashe su ba, jirgin ne ya kasa ɗaukar abin da aka ɗora masa. Har yau in na taka jirgi ƙafata nake fara kallo in ga ko akwai ruwa. Don haka in Baba kafinta ya duba ya ce jirgin ya gama, don girman Allah kada ka sayar wa wanda zai shafa masa fenti ya loda mutane. Ka sayar wa mai kwance shi ya yi benci ko ƙofa, ko da kuɗin bai kai ba. In ma mai lafiya ne za ka sayar, ka nuna wa mai saye duk inda aibi yake. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu.

Na biyu, ka ce akwai ƙannenka mata. Kada ku yanke ku biyu maza sannan a je a sanar da su. Ko suna gidan miji a kira su, a faɗa musu kuɗin gyara da tayin da aka yi, Inna na zaune. Wataƙila wata na buƙatar rabonta yanzu tana jin nauyin faɗa. In za a ci bashi da sunan jirgin, da yardarsu za a ci.

Ɗan Bakin Gulbi ya amsa:

Jama'a, na dawo da bayani. Allah Ya saka wa kowa da alheri.

Baba kafinta, a gaishe shi da kyau. Amsar tambayarsa: yaron yana zama, sai an yi nisa yake tashi ya kwarfe. Mun fitar da jirgin tudu, na kira wani dattijon kafinta na nan garin muka bi shi tare yadda aka ce. Ƙasan lafiya lau, gudumar na tashi da ƙara mai daɗin ji. Amma allon baya ya tafi. A kusurwar hagu sukudireba ta shige har rabinta ban ma danna da ƙarfi ba, ƙanena na tsaye yana kallo, bai ce uffan ba. Akwai allo biyu na gefen dama da haƙarƙari uku da za a canza, da ƙusoshi masu yawa. Dattijon ya ce jirgin ya cancanci gyara.

Yaya Mai Kifi, mun zauna a ɗakin Inna, duka mu biyar. Ƙaramar ƙanwata ta ce tana son rabonta don tana da hidima a gabanta, kuma gaskiyarta ne. Mun amince a sa masu sanin jirgi su yi masa kuɗi yadda yake yau, da mataccen injinsa, a je wurin malami ya fitar da kason kowa, ni da ƙanena mu biya ta nata a hankali. Inna da ɗayar sun ce a bar nasu a ciki.

Sabon inji dai na cire shi a raina, ba mu da ƙarfinsa. Ɗan Kwatanon ma mutumin ya ƙi yarda a gwada kafin a biya, na ce ya bar shi. Katako za mu fara gyarawa. Akwai maƙwabcinmu da jirginsa ya lalace amma injinsa na da lafiya, mun yi magana zai ɗaura a namu lokacin albasa a riƙa raba abin da aka samu bayan an cire mai. Da wannan za mu tara kuɗin sauke namu a yi masa cikakken gyara. Fasinja kuwa ba za mu ɗauka ba sai an gama aikin katakon kuma mun sayi rigunan kariya.

Oga makanike, saura tambaya ɗaya. Bulok ɗin makanikena ya ce bai tsage ba. In kai shi a gyare silindar tun yanzu, ko in bari sai kuɗin kaya sun haɗu?

Makaniken Inji ya amsa:

Ka bari sai fistin sun zo hannu. Mai gyaran silinda da fistin ɗin yake aunawa, in ya yi aikin kafin ya gan su zai iya wuce gona da iri. Yanzu dai a wanke bulok ɗin da kananzir, a shafe cikin silinda da baƙin mai sosai, a naɗe a buhu a ajiye inda raɓa ba ta sauka. Ƙananan ƙusoshi da kafireto a zuba a roba mai murfi, don su ne ke ɓacewa. Injin maƙwabcin naka ma ku canza masa robar ruwa kafin ya fara aiki a jirginku, kuɗinta kaɗan ne, kuma ku auna tsawon ƙafarsa kafin kafinta ya yanke sabon allon baya.